Hawan Dutsen Hamada: Daga Dawowa Ake Fara Lissafi

Karon farko da na tunkari dutse a tsakiyar hamada ban taka ƙololuwarsa ba. Mu biyu ne, ni da wani abokina. Mun bar mota da hantsi, dutsen yana gabanmu kamar ka miƙa hannu ka shafa shi, amma sai da muka yi awa uku cur muna taka tsakuwa kafin mu isa gindinsa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a hamada bai sani ba. Babu itace, babu gini, babu abin da zai gwada girma da shi, ga busasshiyar iska tana jawo na nesa kusa. Kafin azahar mun sha fiye da rabin ruwanmu, saura kamar mita 200 mu kai sama. Abokina ya girgiza gorarsa a kunnena ya ce, "Malam, ka ji abin da ya rage." Muka juya. Na yi kwanaki ina jin haushi, amma tun daga ranar na sauya yadda nake shirya tafiya. Ina fara sa lokacin da nake son in ga kaina a jikin mota, sannan in yi ta lissafi da baya-baya har in kai ga lokacin tashi.

Kafin komai, zaɓi dutsen da ya yi daidai da kai. Mutane suna ruɗuwa da adadin mita, alhali duwatsun hamada sun bambanta ƙwarai. Emi Koussi da ke tsaunukan Tibesti na ƙasar Chadi shi ne mafi tsayi a Sahara, mita 3,415, kuma isa gindinsa kaɗai tafiyar kwanaki ce, a yankin da har yanzu akwai wuraren da nakiyoyin yaƙin da ya wuce suke binne. Tahat na Aljeriya mita 2,908 ne. Brandberg na Namibiya, mita 2,573, ba a hawansa sai da izini da ɗan jagora, kuma akan kwana a hanya. Shi kuwa Umm ad Dami, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Jodan da mita 1,854, mai ƙoshin lafiya zai hau ya sauko a wuni guda har ya sami rarar lokaci. Tambayoyin da nake yi wa kowane dutse uku ne: mita nawa ne daga inda mota za ta tsaya zuwa sama, kilomita nawa ne a ƙasa kafin a fara hawa, kuma in ƙafata ta karye, awa nawa ko kwana nawa kafin wani ya iso gare ni? Ta ukun ce take rage mini buri. In hukumar wurin ta ce sai da izini ko ɗan jagora, bi ka'ida. Mutumin da ya tashi a gindin dutse ya san inda ruwa yake kwanciya a kogo, abin da babu taswirar da za ta gaya maka.

Lokaci kuwa na sanyi ne, babu ciniki. Sai dai ka tuna cewa a kudancin duniya, irin su Namibiya, sanyin yana faɗowa ne wajen Yuni da Yuli.

Yanzu lissafin. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: ka ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Idan dutsenka yana da nisan kilomita 10 da hawan mita 1,200, ƙa'idar ta ce awa huɗu. Na taɓa yin tafiya mai kusan wannan awon, ta ci mini awa bakwai. Laifin ba na Naismith ba ne, shi bai sa yashi mai zurma ƙafa a lissafinsa ba, bai sa jaka mai lita shida na ruwa ba, balle tsayawa neman hanya a inda babu hanya. Saboda haka duk abin da ƙa'idar ta ba ni, nakan ƙara rabinsa a kai, in wurin babu sawu sam in ninka. Sauka kuma ina ba ta lokaci daidai da na hawa. Masu cewa gangara ta fi sauri a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya suke magana.

Daga nan sai ka fitar da abin da nake kira lokacin juyawa. A ce rana za ta faɗi ƙarfe shida, kana son ka isa mota da biyar, sauka za ta ci awa biyar. To, ƙarfe goma sha biyu na rana za ka juya, ko kana kan ƙololuwa ko saura taku ɗari. Ku faɗe shi da baki tun kuna ƙasa, kowa ya ji, domin a sama hankali yana iya ƙarya: kowane tudu sai ya yi kama da na ƙarshe, ka hau ka tarar da wani a bayansa. Wannan lissafin ne kuma zai nuna maka cewa tashi da hantsi wasa ne. Tashi tun da duhu, da fitilar goshi, ka cinye shimfiɗar ƙasan nan mai gajiyarwa kafin rana ta buɗe ido.

Ruwa shi ne agogo na biyu, kuma ya fi na hannu faɗin gaskiya. Masu kula da gandun Death Valley, wata hamada mai tsananin zafi a Amurka, suna gaya wa baƙi su sha aƙalla galan ɗaya a wuni, wato kusan lita huɗu, kuma wannan mafi ƙaranci ke nan. Mai hawa cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya ba tare da ya ga rigarsa ta jiƙe ba, saboda iskar tana lashe gumin tun bai taru ba. Matsalar ita ce kowace lita kilo ɗaya ce a bayanka. Ga yadda nake yi: in tashi da lita shida ko bakwai a gorori daban-daban, don in ɗaya ta fashe kada ta tafi da komai. In na isa gindin dutse sai in ɓoye lita biyu a inuwar wani dutse, in sa alamar wurin a na'urar GPS mai nuna wuri ta tauraron ɗan adam, in kuma ɗauki hotonsa. A mota kuma akwai jarkar da ba a taɓawa, ta kwana biyu ko uku ga kowane mutum. Ruwan da na hau da shi, da zarar kashi ɗaya cikin uku ya tafi sai in dubi inda nake. In ya kai rabi ban kai sama ba, tafiya ta ƙare. Kada kuma ka yi rowar sha don ka adana, ruwan da ke cikin gora ba ya yi wa jini aiki. Sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, kana lura da fitsarinka: in ya yi duhu ko ya ɗauke, kana baya. Ka riƙa haɗawa da abin ci mai gishiri ko garin gishiri da sukari na ƙulli, domin wanda ya yi ta ɗirkar zallan ruwa yana gumi, gishirin jininsa na iya raguwa har ya ruɗe, abokan tafiya su ɗauka ƙishirwa ce su ƙara masa ruwa.

Sauran kaya ba su da yawa. Takalmi mai taurin ƙasa da robar da ke kama dutse, wanda ka riga ka saba da shi, sabo zai yi maka bororo tun kafin hantsi. Riga mai dogon hannu, hula mai faɗin baki, tabarau. Rigar sanyi ko da kana ganin abin dariya ne, domin zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa, ga iska a sama, in kuma dare ya kama ka a can za ka san hamada tana da haƙora. Fitila da batir na biyu, usur, ƙaramin madubi na haska wa masu nema, bandeji, da ɗan hantsaki na cire ƙaya. Taswira ka sauke ta a waya tun kana inda akwai intanet, GPS yana aiki ba tare da layin waya ba, amma zafi yana kashe waya, don haka ta takarda ma ta shiga jaka tare da kamfas. A kan baƙin dutsen aman wuta mai ƙarfe a jiki allurar kamfas takan karkace, sai ka matsa ka sake gwadawa a wani wuri. In da hali, nemi na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan adam, irin mai aika sigina a kan megahaz 406, ka yi mata rajista da sunanka.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan araha: gaya wa wani inda za ka. A watan Afrilun 2003 wani Ba'amurke, Aron Ralston, ya shiga wani kwazazzabo a jihar Utah shi kaɗai, wani ƙaton dutse da ke maƙale tsakanin bango biyu ya motsa ya danne masa hannu. Ya yi kwana biyar a wurin, a ƙarshe da kansa ya yanke hannun ya fita. Babu wanda ya san inda ya nufa, shi ya sa ba a san inda za a fara nema ba. Ni takarda nake rubutawa: sunan dutsen, ta gefen da zan hau, inda mota za ta tsaya, lambarta, lokacin da zan kira, da wanda za a sanar in ban kira ba. Motar ma a yi mata shiri, safaya biyu, shebur, famfon iska, a rage wa tayoyi iska in an shiga yashi. In ta lalace, ku zauna a jikinta. Mota ta fi mutum saurin ganuwa daga nesa, kuma inuwa ce.

Hawa da hannu da ƙafa

Nan ne daɗin abin yake, nan ne kuma ake jin ciwo. Masu hawan dutse a Amurka sun kasa hanyoyi gida biyar. Na ɗaya tafiya ce kawai. Na biyu akwai duwatsu, kana ɗan dafawa lokaci-lokaci. Na uku sai da hannu sosai, kuma faɗuwa na iya karya mutum. Na huɗu ya miƙe, faɗuwa na iya kisa, da yawa suna ɗaura igiya. Na biyar aikin igiya ne da horo. In wannan ne farkonka a dutsen da ke nesa da mutane, kada ka wuce na uku. Siyan igiya kuma ba ya mai da mutum gwani, wanda bai koyi ɗaure ta a jikin dutse ba in ya faɗi sai dai ya ja abokinsa su tafi tare.

Tun kana nesa ka karanta fuskar dutsen, domin in ka shiga jikinsa ba za ka ƙara ganin siffarsa ba. Hanya biyu ce yawanci: ko ka bi doro, wato gadon bayan dutsen, ko ka bi kwazazzabo. Kwazazzabo yana da inuwa kuma yana jan mutum, amma duk abin da ya ɓalle daga sama nan yake biyowa, kuma sau da yawa yana ƙarewa a busasshiyar magangarar ruwa mai santsi kamar tangaran. Doro ya fi rana da iska, yana kuma sa jiri, sai dai dutsensa ya fi ƙwari kuma kana ganin gabanka. Ni mutumin doro ne, in ba ya yi siriri da yawa ba. Tarin duwatsun da masu wucewa suke jerawa a matsayin alama suna taimako, amma kada ka ba su amana gaba ɗaya. Na taɓa bin wasu har bakin rami, ashe wanda ya jera su shi ma ɓata ya yi.

Da ƙafa ake hawa, hannu na daidaita jiki ne. Sabon shiga yakan rungume dutse ya manna ƙirji, sai nauyinsa ya bar kan tafin ƙafa, takalmi ya zame. Ɗaga ƙirjinka, ka tsaya a kan ƙafafunka, ka ga inda kake takawa. Gaɓoɓi uku su kasance a kafe yayin da ta huɗu take motsi, taku gajeru, kada ka miƙe har ƙarshen tsawonka don kamo abin da ke nesa. Guji hawa da gwiwa, in ka ɗora ta tashi yana wuya. Kowane mariƙi ka gwada shi kafin ka ba shi nauyi: buga shi da tafin hannu, in ya yi ƙara kamar ganga to a ɓalle yake ta ciki. Danna shi ƙasa, kada ka fizgo shi waje kamar aljihun tebur. Dutsen hamada ya sha zafin rana da sanyin dare shekaru aru-aru, babu saiwar da ta riƙe shi, babu kuma ƙafafun mutane da suka share masu motsi. Giranit, wani irin dutse mai tauri, yana ɓarewa falle-falle kamar albasa. Dutsen yashi yana kama takalmi da kyau in ya bushe, amma in ya sha ruwan sama sai ya yi laushi ya gutsure a hannu, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Kada kuma ka zura yatsu a tsagin da ba ka ga cikinsa ba, maciji da kunama su ma inuwa suke nema. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai tsai da jini. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kira agaji.

In ku da yawa ne a gangare mai duwatsu sako-sako, ko ku matsu kusa da juna yadda dutsen da ya ɓalle ba zai sami gudu ba, ko ku bi a karkace yadda babu wanda ke ƙarƙashin wani. Wanda ya ture dutse ya yi ihu nan take, "Dutse!" Na ƙasa kada ya ɗaga kai kallo, ya manne da bango ya kare kansa. A irin wannan wurin hular kwano ta cancanci nauyinta.

Dokar da ba na karyawa ita ce wannan: duk inda na yi taku uku masu wuya zuwa sama, sai na tambayi kaina ko zan iya maimaita su zuwa ƙasa. In ina shakka, nakan sauko a take in gwada, tun da sauran ƙarfi. Hawa yana da sauƙi saboda idonka yana gaba da hannunka. A sauka ƙafa ce a gaba, ita kuwa ba ta gani.

Ka riƙa waiwaye. Duk inda hanya ta rabu, ko ka fito daga wani kwazazzabo zuwa doro, juya ka dubi wurin yadda zai bayyana gare ka in kana dawowa, ka ɗauki hoto. Na koyi wannan da tsada. Wata rana muna saukowa da la'asar, bakunan kwazazzabai uku suka bayyana a gabanmu iri ɗaya sak. Muka zaɓi na tsakiya saboda ya fi faɗi. Mun gangara kusan rabin awa, muka diro wani ɗan tudu da bai kai tsayin mutum biyu ba, sai ga magangara a gabanmu, santsi, ƙasanta ba ya ganuwa. Gaba ba hanya, baya ga tudun da muka diro. Sai da na taka kafaɗar abokina na haye, na jawo jakunkuna, sannan na jawo shi. Awa biyu suka tafi a banza, muka isa mota da fitila. Tun daga nan ba na dirowa daga abin da ba zan iya komawa ta kansa ba.

Sama ita ma a sa mata ido. Gajimare mai duhu a can nesa ya ishe ka dalilin fita daga kwazazzabo, ko da ɗigo bai taɓa ka ba, domin ƙasar hamada ba ta shan ruwa da sauri, tattara shi take yi ta turo shi wuri guda. A ranar 12 ga Agustan 1997 ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope na jihar Arizona, alhali ruwan a wani wuri mai nisan kilomitoci ya sauka. In kuma tsawa ce, bar doro da ƙololuwa.

A ƙololuwa ba na wuce minti ashirin. In sha ruwa, in ci wani abu, in sa rigar sanyi, in dubi hanyar sauka, in ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada yatsu su yi ta dukan gaba. In dutsen ya haura mita 2,500 kuma kai ya fara sarawa da tashin zuciya, tsayin ne, maganinsa gangarawa.

A sauka, inda gangaren bai miƙe ba ka fuskanci waje, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda ya miƙe ka juya ka fuskanci dutse kamar mai sauka daga tsani, kana leƙa ƙafarka ta gefe, wanda ya fi ƙwarewa ya riga sauka ya riƙa nuna wa na sama matakai. A kan tsakuwa mai gudu, kafa dunduniya ka bar ta ta ɗan tafi da kai, amma ka tabbatar ka ga inda ta ƙare. Wannan kuma shi ne lokacin da rana ta fi zafi, jiki ya gaji, don haka ku riƙa duban juna. Ciwon kai, jiri da murɗawar nama alamun gargaɗi ne: inuwa, ruwa, gishiri, hutu. Amma in mutum ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, ko ya hau faɗa ba dalili, zafi ya kai ga ƙwaƙwalwa, kuma minti yana da daraja. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa tufafi, a yi ta fifita, a danna na'urar agaji. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

In kana son sanin sauran hasken da ya rage, miƙa hannunka gaba ka jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗi, kowane yatsa kusan minti goma sha biyar ne. In ka ga duhu zai kama ka a wurin da sai da hannu, nemi wuri mai faɗi tun da haske, ka sa duk tufafinka, ka zauna a kan jaka ka jira asuba. Dare ɗaya na rawar sanyi ba ya kisa kamar laluben bango da fitila.

In ka iso gindi, ɗauki ruwan da ka ɓoye, ka duba ƙarƙashin gorar kafin ka sa hannu. Saura shimfiɗar nan da ka ratsa da duhu, yanzu kuma ta ninka tsawo, motar da ka bari ta zama ɗigo cikin ɗigogi. Bi alamar da ka sa a na'ura, kada ka bi ido. Da ka isa, kafin ka cire takalmi, aika wa mai riƙe da takardarka saƙo cewa ka sauko.